Juya iskar kabon a cikin asid: a tambayi bolt da awoyi

A shekarar 2018 mujallar Science ta buga wani aiki daga Jami'ar Toronto da ke Kanada, wanda ya ja hankalin duk mai bibiyar ƙoƙarin mayar da iskar kabon dayoksaid wani abu mai amfani. Tawagar Edward Sargent da David Sinton ta shimfiɗa jan ƙarfe siriri ƙwarai a kan wani faranti mai ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa, ta turo iskar ta bayansa, ta kunna lantarki. Kashi 70 cikin 100 na lantarkin da aka zuba ya tafi wajen haɗa etilin, sinadarin da ake yin leda da jarkoki da shi. Adadi ne da ya zarce abin da aka saba gani a lokacin, kuma yabon da aka yi musu sun cancance shi. Sai dai ruwan da farantin ke ciki fotasiyam haidroksaid ne mai kauri, ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma irin wannan ruwa ba ya ganin kabon dayoksaid ya ƙyale ta. Shanye ta yake yi, ya mayar da ita gishirin kabonet.

Lissafin ba shi da wuya. Kafin a haɗa ƙwayar etilin guda, sai an samu ƙwayoyin CO2 biyu da ilektiron goma sha biyu. Kowane ilektiron da ya shiga aikin yakan bar ƙwayar haidroksaid ɗaya a bakin ƙarfen, goma sha biyu ke nan. Duk haidroksaid biyu kuma sukan cafke CO2 ɗaya su zama kabonet. Wato a duk biyun da suka zama etilin, shida sun salwanta. Komai kyan ƙarfen, komai gwanintar mai gwajin, ba za a ci moriyar fiye da kashi 25 cikin 100 na iskar ba. In kabon monoksaid ake nema, wanda ilektiron biyu kawai yake ci, rabi ake samu rabi ya tafi. Rage kaifin sodar ma ba ya warware komai, domin haidroksaid ɗin da ke yin ɓarnar a bakin ƙarfen ake haifar sa, ba daga waje ake zuba shi ba.

A 2020 Joshua Rabinowitz da Matthew Kanan na Jami'ar Stanford suka fito fili a mujallar Nature Communications suka nuna cewa makomar wannan fasaha ta rataya ne a kan matsalar kabonet. Kafin a kwance gishirin a maido da iskar da sodar, sai an bi ta hanyar gasa farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 900, kuma kowane giram 44 na iskar yana cin fiye da kilojul 230. A ninka wannan sau shida, za a ga ya yi kai ɗaya da dukkan makamashin da aka adana a cikin etilin ɗin. In kuwa aka raba na'urar gida biyu da tantanin da ke barin kabonet ya wuce, sai gishirin ya tsallaka ɗaya gefen na'urar, ya fito a matsayin CO2 cakuɗe da oksijin, a koma kashe kuɗin tacewa. A ganina wannan gajeren rubutu ya fi ɗaruruwan rahotannin sababbin ƙarafa amfani, domin shi ne ya tilasta wa masu bincike su riƙa ƙirga iskar da ta shiga, ba lantarkin da ya fita kaɗai ba.

Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a cikin yakuwa ko ruwan tsamiya ta ga maganin da idonta. Kumfar nan da ke tasowa CO2 ce. Kanwa gishirin kabonet ce, tsami kuma ba ya barin kabonet ya zauna, sai ya sake shi ya koma iska. Hikimar komawa asid ke nan gaba ɗayanta: in ruwan na'urar mai tsami ne, duk kabonet ɗin da ya haɗu zai warware nan take, iskar ta dawo wa ƙarfen, ba abin da ya ɓata. Akwai ƙarin riba biyu. Tantanin da ke aiki cikin asid, irin su Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro tun shekarun 1960, an daɗe da sanin halinsa a masana'antu. Sannan wanda ke neman fomik asid zai same shi kai tsaye, maimakon gishirinsa wanda sai an sake zuba masa ruwan batir kafin ya zama abin sayarwa.

To me ya hana a fara da asid tun farko? Amsar tana cikin halin ƙarafan kansu. Tun 1985 Yoshio Hori da abokan aikinsa a Jami'ar Chiba ta Japan suka shiga gwada ƙarafa ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan baikabonet, suna auna abin da kowanne ke fitarwa. Ƙarfe a nan katalis ne, wato abin da ke sauƙaƙa wa sinadarai sauyawa ba tare da shi ya ƙare ba. Rabon da suka yi har yau shi ake koyarwa. Dalma da kuza da indiyam da zaiba suna kai iskar ga fomik asid ko gishirinsa, kuma bismut ma ɗan wannan gida ne. Zinariya da azurfa da tutiya suna tsayawa a kabon monoksaid. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam da titaniyam kusan ba sa taɓa CO2, haidrojin kawai suke fitarwa daga ruwa. Jan ƙarfe shi kaɗai ne a ajinsa: yana haɗa mitein da etilin da etanol.

Abin da ya raba su shi ne ƙarfin riƙo. Matakin farko a kan yawancinsu shi ne CO2 ta zama kabon monoksaid a manne da fuskar ƙarfen. Zinariya riƙonta sako-sako ne, tana haɗa shi tana saki. Filatinam yana ƙanƙame shi har ya toshe wa kansa wurin aiki. Jan ƙarfe yana tsakiya: yana riƙe shi daidai lokacin da biyu za su haɗu su ƙulla kabon da kabon, sannan ya sake su. Wannan baiwa ita ce kuma wahalarsa. A 2012 tawagar Thomas Jaramillo a Stanford ta ƙirga sinadarai 16 daban-daban da ke fitowa daga farantin jan ƙarfe guda. Mai masana'anta abu ɗaya yake so mai tsabta, domin raba goma sha shida tsada ce.

Duk waɗannan ƙarafa suna da kishiya ɗaya, haidrojin. Ƙwayar CO2 miƙaƙƙiya ce mai taurin kai, sai an lanƙwasa ta kafin ta karɓi ilektiron. Furoton kuwa, wanda shi ne ainihin tsamin asid, biyu kawai za su haɗu da ilektiron biyu su tashi a matsayin haidrojin, kuma da wuya a samu aikin da ya fi wannan sauƙi a wannan fanni. A cikin asid mai kaifi furoton sun cika ko'ina. Sai ya zama ko jan ƙarfe aka sa ko zinariya, kusan dukkan lantarkin a haidrojin yake ƙarewa. Shi ya sa aka yi shekaru ana kallon asid a matsayin hanyar da ba ta ɓullewa.

Abin da ya buɗe hanyar bai fito daga sabon ƙarfe ba. A 2021 Mariana Monteiro da Marc Koper da abokan aikinsu a Jami'ar Leiden ta Holan suka yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka sa zinariya da azurfa da jan ƙarfe a cikin asid tsantsa, wanda babu wani narkakken gishirin ƙarfe a ciki, suka tura CO2, suka kunna wuta. Ba su ga kabon monoksaid ko kaɗan ba. Da suka ɗiga ɗan gishirin ƙarfe irin su siziyam, sai aiki ya kankama. Ma'ana, ƙarfen da aka yi shekara talatin da wani abu ana yi wa kirari ba ya iya komai shi kaɗai. Sai da narkakkun ƙwayoyin fotasiyam ko siziyam a gefensa.

Ya kamata a tsaya a nan a fahimci abin da ke faruwa, domin dukkan fannin a kansa yake. Farantin da ake juya iskar a kansa yana ɗauke da cajin negatif, ƙwayoyin fotasiyam kuma suna ɗauke da cajin fozitif, don haka suna tururuwa su yi layi a fuskarsa. Wannan layi aiki biyu yake yi. Yana tare jan da farantin ke yi wa furoton, sai ya zama ba sa rugowa, sai dai su iso a hankali gwargwadon yadda ruwa ya kawo su. Yana kuma tallafe ƙwayar CO2 a daidai lokacin da ta lanƙwasa ta karɓi ilektiron na farko, lokacin da ta fi rauni. In aka ƙara ƙarfin lantarki, haidroksaid ɗin da aikin ke haifarwa yana cinye 'yan furoton da suka iso tun kafin su taɓa ƙarfen. Sakamakon abin mamaki ne: ruwan na'urar asid ne mai kaifi, amma siririn ɓangaren da ke manne da ƙarfen, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, halin soda yake da shi. Kabonet yana haɗuwa a ciki, amma da ya ɗan matsa waje sai ya tarar da tsami, ya warware, iskar ta juyo. Saboda haka ni ba na ganin daidai ne a ce an samo ƙarafan da ke juya CO2 a cikin asid. Abin da aka samo shi ne dabarar gina wa ƙarfe ɗan ƙaramin muhallin soda a tsakiyar asid, da kuma tsare wannan muhalli kada ya rushe.

Da aka gane haka, sakamako ya riƙa zuwa da sauri. A 2021 ɗin dai tawagar Toronto ta dawo mujallar Science da jan ƙarfe a cikin fosforik asid da aka cika da gishirin fotasiyam, a ma'aunin pH ƙasa da 1. Kashi 77 cikin 100 na iskar ya juyu a shiga ɗaya, kashi 50 ya zama etilin da etanol da furofanol, a kan amfiya 1.2 a kowace murabba'in santimita. Katangar kashi 25 ta faɗi. A 2022 tawagar Xile Hu a Lausanne ta Suwizalan ta nuna cewa dabarar ba ta jan ƙarfe kaɗai ba ce: kuza ta ba da fomik asid, zinariya ta ba da kabon monoksaid, dukansu da kason lantarki da ya kai wajen 90 cikin 100. A shekarar kuma masu bincike daga Hong Kong da Toronto suka cakuɗa faladiyam da jan ƙarfe domin ƙara masa riƙon kabon monoksaid, suka kai kashi 89 na lantarki ga sinadarai masu kabon biyu ko fiye. Har nikel, wanda Hori ya sa a gidan haidrojin, an ga yana sauya hali in aka warwatsa shi ƙwayar zarra ɗai-ɗai a cikin kabon mai naitrojin, ya koma fitar da kabon monoksaid.

Ina girmama waɗannan ayyuka. Amma akwai wani adadi a cikin rahoton Toronto na 2021 wanda ba a cika maimaita shi ba, kuma shi ya fi damuna: bolt 4.2. A ƙa'ida, mafi ƙarancin abin da ake bukata domin juya CO2 da ruwa su zama etilin da oksijin shi ne wajen bolt 1.15. Duk abin da ya hau kan wannan zafi yake zama. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin wutar ya tafi tun kafin a tambayi nawa ne ya zama etilin. Kowa zai iya yin lissafin da kansa. Ilektiron goma sha biyu a kan bolt 4.2 suna nufin wajen megawat-awa 48 a kowane tan na etilin, ko da an ɗauka babu ilektiron ɗaya da ya kauce, alhali suna kaucewa. Ko da an samu wuta a kan santi 3 na dalar Amurka kowane kilowat-awa, kuɗin wutar kaɗai ya haura dala 1,400 a tan, kuma etilin da ake fasowa daga man fetur da gas yakan yi ƙasa da haka a kasuwa. Ba a sa kuɗin na'ura ba, ba a sa na tacewa ba, ba a sa na kamo iskar ba.

Asid ya ceto kabon, amma wani ɓangare na kuɗin ceton a bolt aka biya shi. Bambancin hali tsakanin bakin ƙarfen da sauran ruwan yana da farashi, tazarar ruwan da ke tsakanin farantai biyu ma tana da nata. Shi ya sa nake ganin duk rahoton da ya ba da kason iskar da ta juyu bai ba da bolt na dukkan na'urar ba, rabin labari ya bayar. Akwai ma wata hanya mai sauƙi ta ƙawata kason: a rage yawan iskar da ake turawa. In iskar kaɗan ce, mafi yawanta za ta juyu, amma ƙarfen zai ji yunwa ya koma haɗa haidrojin. Sau da yawa adadi mafi kyau na juyuwar iska da adadi mafi kyau na kason lantarki ba a yanayi ɗaya aka same su ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa haka a fili.

Sai batun gishiri, wanda ya nuna tsugune ba ta ƙare ba. Fotasiyam ɗin da ke tsare ƙarfen daga furoton shi ne kuma ke haɗuwa da kabonet a wannan siririn ɓangare mai halin soda. In ya taru ya yi yawa, sai ya daskare ya zama fararen ƙwayoyi a cikin ƙofofin da iska ke bi. Gishirin yana jawo ruwa, ruwa ya cika ƙofofin, iska ta kasa isa, na'ura ta koma fitar da haidrojin. Wannan ne ya sa yawancin gwaje-gwajen jan ƙarfe cikin asid ake auna ransu da awoyi goma-goma, wanda ya daɗe ya kai ɗari da wani abu. Shekara guda awa 8,760 ce. Na'urorin da masana'antu ke raba ruwa ko ruwan gishiri da su shekaru suke yi suna aiki. Ana bin hanyoyi daban-daban. Wasu suna ɗaure cajin fozitif a jikin wata roba siririya da ake shafa wa ƙarfen, yadda zai yi aikin fotasiyam ba tare da ya narke ya daskare ba. A 2025 tawagar Haotian Wang a Jami'ar Rice da ke Houston ta bi wata hanya mai sauƙi: maimakon a bi da CO2 ta cikin ruwa kafin ta shiga na'ura, sai aka bi da ita ta cikin asid, ta ɗauko ɗan tururinsa. Wannan ɗan tsami ya hana gishirin toshe hanya, na'ura mai katalis na azurfa ta yi fiye da awa 4,500, alhali da ruwa zalla a wajen awa 80 take lalacewa. A lura, ba su sauya ƙarfen ba.

Asid kuma yana cin ƙarfe. Muddin wuta na kunne, cajin da ke kan farantin yana kare shi. Da an kashe, kariya ta tafi, tutiya da kuza su fara narkewa, jan ƙarfe ma haka in akwai oksijin a cikin ruwan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin dukkan hujjar wannan fasaha ita ce a yi ta da wutar rana da ta iska, waɗanda ke zuwa su tafi kullum. Na'urar da ba ta jure kashewa da kunnawa ba ta dace da wutar da aka gina ta dominta ba. A ɗaya farantin, inda ake fitar da oksijin, matsalar ta fi tsanani. A cikin soda nikel mai arha ya wadatar. A cikin asid kusan babu abin da ke jurewa sai iridiyam, ƙarfen da duk duniya ba a haƙo tan 10 nasa a shekara, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu, kuma masu na'urorin haɗa haidrojin sun riga sun yi layi a kansa.

Saboda waɗannan dalilai, aikin da na fi ɗauka da muhimmanci a fannin ba na jan ƙarfe ba ne. A farkon 2024 tawagar Bao Yu Xia ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong da ke Wuhan a ƙasar Sin ta buga a mujallar Nature cewa ta haɗa katalis daga dalmar tsofaffin batura, irin na mota. Zaɓin yana da ma'ana, domin dalma ta saba zama cikin ruwan batir, kuma tana cikin ƙarafan da suka fi ƙyuya wajen fitar da haidrojin. Fiye da kashi 93 na lantarkin ya zama fomik asid, kusan kashi 91 na iskar ya juyu a shiga ɗaya, a kan bolt 2.2, kuma na'urar ta yi fiye da awa 5,200 tana aiki, wato wata bakwai. Sun kuma gwada kashewa da kunnawa. Wannan ne karon da na ga bolt da awoyi da kaso sun zo tare a rahoto ɗaya cikin yanayin da mai masana'anta zai tsaya ya saurara.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko, sun kai ga bolt 2.2 ne saboda a ɗaya farantin ba ruwa suke fasawa ba, haidrojin suke ba shi. Kowane tan na fomik asid yana cin wajen kilo 43 na haidrojin, kuma shi ma sai an haɗa shi a wata na'ura da wata wutar. In aka haɗa biyun, ana maganar wajen megawat-awa 5 a tan, wanda har yanzu ya yi nesa ƙwarai da 48 na etilin, amma dole a ƙirga shi. Na biyu, dalma guba ce, kuma mu ba sai an ba mu labari ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Fomik asid kuwa ana zuba shi a cikin abincin dabbobi da ake adanawa, ana daskarar da ruwan roba da shi, ana kuma aiki da shi a masana'antun jima irin na Sharaɗa da Challawa a Kano, wajen shirya fata da kama rini. Sinadarin da zai shiga abincin saniya ko ruwan da masana'anta ke zubarwa, wajibi ne a auna ko dalma na biyo shi, a bayyana adadin, kuma a yi hakan har ƙarshen ran na'urar, ba a makon farko kaɗai ba. In bismut ko kuza za su iya kaiwa waɗannan awoyi, su ya kamata a fifita ko da kasonsu ya ɗan gaza.

Ra'ayina shi ne abin da zai fara fita daga ɗakin gwaje-gwaje ya shiga kasuwa su ne sinadarai masu cin ilektiron biyu: fomik asid daga dalma ko kuza ko bismut, da kabon monoksaid daga azurfa. Kabon monoksaid ba ƙaramin abu ba ne, domin in aka haɗa shi da haidrojin ana samun mitanol da man jirgin sama ta hanyoyin da masana'antu suka ƙware a kai kusan shekara ɗari. Akwai ma hikima a raba aikin gida biyu, a fara juya CO2 ta zama kabon monoksaid, sannan a miƙa wa jan ƙarfe a cikin soda, tunda kabon monoksaid ba ya zama kabonet. Wannan hanya ita ce abokiyar takarar asid ta gaskiya wajen haɗa etilin, kuma da ita ya kamata a riƙa gwada shi.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar wa jama'a wannan fasaha a matsayin maganin ɗumamar yanayi. Duniya tana fitar da wajen tan biliyan 37 na CO2 a shekara daga ƙona mai da gas da kwal da yin siminti. Duk fomik asid ɗin da ake sayarwa a duniya bai wuce wajen tan miliyan ɗaya a shekara ba, kuma kowane tan nasa bai kai tan ɗaya na iskar yake ɗauka ba. Etilin ya fi girma, fiye da tan miliyan 150 a shekara, kowane tan yana ɗaukar wajen tan uku na CO2. Amma a kan bolt 4.2, haɗa shi duka zai ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan lantarkin da duniya ke samarwa. In kuma wutar daga gas ta fito, kamar mafi yawan wutar Najeriya, za a fitar da kusan tan 19 na CO2 domin a kama uku. Amfanin fasahar na gaskiya shi ne ta ba masana'antun sinadarai wata hanyar samun kabon wadda ba ta bi ta rijiyar mai ba, a wuraren da wutar rana ko ta ruwa ta yi yawa ta yi arha. Wannan manufa ce mai daraja, ba ta bukatar a kumbura ta.

Akwai kuma tambayar iskar kanta. Kusan duk adadin da na ambata an same su ne da CO2 tsantsa daga tulun ɗakin gwaje-gwaje. Hayaƙin masana'antar siminti ko tashar wuta yana zuwa da naitrojin mai yawa, da oksijin, da iskar farar wuta. Oksijin ya fi CO2 saurin karɓar ilektiron, don haka ko kaɗan ne yakan sace kaso mai yawa na lantarkin. Farar wuta kuma tana manne wa jan ƙarfe ta sauya halinsa, ya daina haɗa etilin. A nan asid yana iya samun wata fa'ida da ba a yi tsammani ba: a 2024 masu bincike a Singafo sun ba da rahoton cewa jan ƙarfe ya fi jure oksijin a cikin ruwa mai tsami, sai dai da hayaƙin da aka haɗa a ɗakin gwaji suka yi aikin, ba wanda ya fito daga bututun masana'anta ba. Gwajin da zai raba gardama shi ne a ɗauki na'ura mai faranti mai faɗin gaske, a kai ta gindin irin wannan bututu, a haɗa ta da wutar rana yadda za ta mutu kowace yamma ta tashi kowace safiya, a bar ta shekara guda. A ƙarshe a buga bolt ɗinta na ranar farko da na ranar ƙarshe, da nauyin ƙarfen da ya narke ya bi ruwa, da giram nawa na iridiyam ta ci.